Rokar da ke dawowa gida: yadda kuɗin hawa sararin samaniya ya karye, da rabon da ya rage mana

Ba kowane Bakano ne ya san cewa garin nan ya taɓa zama ɗaya daga cikin idanun da Amurka ke bin 'yan sama jannatinta da su ba. A farkon shekarun 1960, hukumar NASA ta kafa tashar bibiya a Kano, kuma ranar 20 ga Fabrairun 1962, lokacin da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar Kano na cikin waɗanda suka yi magana da shi yana wucewa ta saman Afirka. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a watan Agustan 1963, Shugaba Kennedy da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi hira ta tarho, muryarsu na bi ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2. A wancan zamanin gwamnatoci biyu ne kaɗai ke da ƙarfin ɗaukar mutum su kai shi can, Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuma babu mai tunanin ɗan kasuwa zai shiga wannan fage.

Yau kuwa kamfani ɗaya, SpaceX, ya harba rokokin Falcon sau 134 a shekarar 2024 kaɗai, wato fiye da rabin duk harbin da duniya ta yi a shekarar. Kusan kowane kwana uku sai an tashi. Tambayar da ta dace mu yi ita ce: me ya sa abin da yake cinye baitulmalin manyan ƙasashe ya zama sana'ar da ake cin riba a cikinta?

Sai mun fara da fahimtar inda wahalar take. Mutane da yawa na zaton nisa ne matsalar, alhali sararin samaniya yana farawa ne daga wajen kilomita 100 a saman kanmu, bai kai nisan Kano zuwa Zariya ba. Matsalar gudu ce. Kafin abu ya tsaya a falaki yana kewaya duniya ba tare da ya faɗo ba, sai ya yi gudun kusan kilomita 28,000 cikin sa'a, ta yadda zai zagaye duniya cikin minti 90 ko makamancin haka. Wannan gudun yana shan mai na fitar hankali, shi man kuma nauyi ne da sai an ƙara wani man a ɗaga shi. Shi ya sa Falcon 9, mai tsawon mita 70, take da nauyin kusan tan 549 a lokacin tashi, amma kayan da za ta iya kaiwa falakin kusa ba su wuce tan 22.8 ba. Sauran kusan duk mai ne da tankunan da ke riƙe da shi.

Abin mamakin shi ne man ba shi ne mai tsada ba. Tataccen kananzir ne da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa, kuma kuɗinsu a tashi ɗaya 'yan dubban ɗaruruwan daloli ne, a cikin harbin da ake sayarwa fiye da dala miliyan 60. Tsadar tana jikin ƙarfen: injuna, famfunan da ke tura mai, na'urorin sarrafawa. Kuma shekara da shekaru duk wannan zubar da shi ake yi a teku bayan 'yan mintoci. A ƙaddara mai tirela ya yi lodin riɗi a Dawanau, ya kai Legas, ya sauke, sannan ya tura motar cikin ruwa, gobe ya sayi sabuwa. Nawa zai ce a biya shi kuɗin buhu? Haka harkar roka ta kasance tun daga 1957.

Amurka ta taɓa gwada maganin wannan da kumbonta mai fukafukai da ke sauka kamar jirgin sama, wanda ya yi tafiya 135 tsakanin 1981 da 2011. Ya dawo ɗin, amma kowace dawowa sai dubban ma'aikata sun shafe watanni suna kwance injuna, suna duba dubban tubalan da ke kare shi daga zafi ɗaya bayan ɗaya. Da aka yi lissafi daga baya, kowace tafiya ta ci kusan dala biliyan ɗaya da rabi, kilo ɗaya ya tashi a kan fiye da dala 50,000. Ga kuma rayuka 14 da aka rasa a haɗuran 1986 da 2003. Daga nan masana da yawa suka yanke cewa sake amfani da roka ba ya biyan kuɗin sabulu.

Elon Musk, haifaffen Afirka ta Kudu, ya kafa SpaceX a 2002 da kuɗin da ya samu bayan an sayar da PayPal, ya zuba kusan dala miliyan 100 daga aljihunsa. Rokarsu ta farko, ƙarama ce mai injin ɗaya a ƙasa, sunanta Falcon 1, ana harba ta daga wani ɗan tsibiri a tekun Pasifik. Ta faɗi a 2006, ta faɗi a 2007, ta sake faɗuwa a Agustan 2008. Kuɗi ya kusa ƙarewa. Harbi na huɗu, ranar 28 ga Satumban 2008, shi ne ya kai falaki, kuma ita ce roka mai ruwan mai ta farko da kamfani mai zaman kansa ya ƙera da ta yi hakan. Wata uku bayan nan NASA ta ba su kwangilar dala biliyan 1.6 domin kai kaya sau 12 zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa.

A nan nake son mai karatu ya dakata, domin masu ba da labarin nan sukan tsallake wurin. Ana yawan faɗinsa kamar tarihin wani jarumi da ya kayar da gwamnati shi kaɗai. Ba haka ba ne. Da babu kuɗin gwamnatin Amurka, da wuya kamfanin ya wuce 2008. Abin da ya sauya shi ne yadda gwamnatin ke biya. A da, tsarin kwangilar shi ne kamfani ya kashe ko nawa ne, gwamnati ta mayar masa, ta ɗora masa riba a kai. Wanda ke aiki a ƙarƙashin irin wannan tsari ba shi da dalilin tsuke hannu, hasali ma jan aikin ne ke ƙara masa samu. Daga 2006 NASA ta fito da wani tsari: ga farashi a yanke, ga matakai, duk matakin da ka cika aka gani da ido sai a biya ka, in ka wuce kasafi asararka ce. Kamfanoni biyu aka fara da su. Ɗayan, Rocketplane Kistler, ya kasa cika sharaɗi, aka soke yarjejeniyarsa a 2007 aka ba wani. Daga baya NASA da kanta ta ƙiyasta cewa da ta ƙera Falcon 9 ta tsohuwar hanya, da ta kashe tsakanin dala biliyan 1.7 zuwa 4, alhali kamfanin ya ce abin da ya kashe a kan Falcon 1 da Falcon 9 duka bai kai dala miliyan 400 ba. Duk wanda ya saba ganin ayyukan da aka biya kuɗinsu aka bar su a yashe ya san wannan darasin ya fi ƙarfin maganar roka.

Dalili na biyu na arahar ya zo tun kafin a fara dawo da roka. Kamfanin yana ƙera mafi yawan sassan a masana'antarsa maimakon saye daga 'yan kwangila masu tsawwalawa, kuma maimakon babban injin guda, sai ya jera ƙananan injuna tara iri ɗaya, masu suna Merlin, a sashen ƙasa, da wani ɗan'uwansu guda a sashen sama. Abin da kake ƙerawa da yawa hannunka yana faɗawa a kansa, kuskurensa yana saurin bayyana, farashinsa yana sauka. In injin ɗaya ya mutu a hanya kuma, sauran na iya ƙarasa aikin, kamar yadda ya faru a 2012.

Sai kuma dawowar. Wajen minti biyu da rabi bayan tashi, sashen ƙasa yana rabuwa da na sama. Maimakon ya faɗa teku, sai ya juya, ya buɗe wasu ƙananan fukafukai huɗu masu kama da raga domin ya daidaita kansa a iska, ya sake kunna wasu injuna su rage masa gudu, a daƙiƙun ƙarshe ya miƙe ƙafafu huɗu ya dira a tsaye, ko a doron ƙasa ko a kan wani faffaɗan jirgin ruwa mara matuƙi da ke jira a tsakiyar teku. Wanda ya kalli bidiyon zai ga ƙarfe mai tsawon bene goma sha wani abu, jikinsa ya yi baƙi da hayaƙin kananzir, yana saukowa da wuta a gindinsa, ƙura ta turnuƙe, ta washe, sai ga shi tsaye cak. Injin ba ya iya rage wutarsa ƙasa sosai har rokar ta tsaya a iska tana shawagi, don haka dole gudun ya ƙare daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa. Sun farfasa da dama kafin su iya. Nasarar farko ta zo ranar 21 ga Disamban 2015 a Filorida, ta kan teku a Afrilun 2016, sannan a Maris na 2017 aka sake harba wadda aka taɓa amfani da ita, ɗauke da tauraron kamfanin SES. Yanzu akwai sassan da suka tashi suka dawo fiye da sau 20. Hatta murfin da ke rufe tauraron a kan rokar, wanda kuɗinsa ya kai wajen dala miliyan 6, ana tsamo shi daga ruwa a wanke a sake sa shi. Sashen sama ne dai har yanzu ake asararsa a kowace tafiya, kuma shi ne babbar rokar Starship da ake gwadawa a Teksas ke neman magancewa. A Oktoban 2024 an ga hannayen hasumiya sun cafke sashen ƙasanta a iska, sai dai gwaje-gwajen nata sun haɗa da fashewa da dama, kuma ba ta shiga aikin kasuwanci ba tukuna.

To, arahar ta iso ga mai saye? Ta iso, amma ba duka ba. In aka cika Falcon 9 maƙil, kilo ɗaya na tashi a kan dala 3,000 ko ƙasa da haka kaɗan, wanda ba a haɗa shi da farashin da. Sai dai farashin da kamfanin ke bugawa bai sauka ba tun da ya fara dawo da rokoki: daga dala miliyan 62 ya koma 67 a 2022, a 2024 ya kai wajen 70. Musk da bakinsa ya taɓa cewa harba rokar da aka riga aka yi amfani da ita na iya cin su kusan dala miliyan 15 kawai. Ratar da ke tsakani riba ce, kuma ba za ta ragu ba sai an samu abokin gasa. Tarihin 'yan shekarun nan ya nuna yadda fagen ya zama nasu. Da Rasha ta auka wa Yukren a 2022, Turawa suka rasa rokar Soyuz ta Rasha da suke amfani da ita, tasu sabuwar, Ariane 6, ba ta tashi ba sai Yulin 2024. Dole suka kai na'urarsu ta hangen nesa, Euclid, aka ɗora a Falcon 9 a 2023. Hatta kamfanin OneWeb, kishiyar Starlink (sabis ɗin intanet na SpaceX ta taurarin ɗan'adam) a kasuwar intanet, sai da ta biya SpaceX ya harba mata taurari.

Akwai masu tasowa. Rocket Lab, wanda Peter Beck ya kafa a Niyu Zilan, yana da ƙaramar roka Electron da ke ɗaukar wajen kilo 300 tun 2018. Blue Origin na Jeff Bezos ya kai New Glenn falaki a Janairun 2025. Indiya ta daɗe da shahara wajen tsimi, ita ce ta harba taurari 104 a tashi ɗaya a 2017. Kamfanonin Sin na ta gwajin saukar da nasu rokokin. Wasu kuma sun durƙushe, kamar Virgin Orbit da ya karye a 2023.

Babban mai cin moriyar arahar nan shi ne kamfanin da kansa. Kusan kashi biyu cikin uku na harbin da ya yi a 2024 taurarinsa ne na Starlink, waɗanda ya fara jerawa a 2019 kuma yanzu sun haura 7,000. Ta nan ne maganar ta shigo cikin ganuwa. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, a Janairun 2023, kuma yau in ka ɗaga kai a wasu unguwannin Kano za ka hangi farin faranti mai kusurwa huɗu a kan rufi, kusa da farantin sola, yana kallon sama kai tsaye. Tsohon farantin talabijin da muka saba da shi yana fuskantar tauraro guda da ke tsaye a nisan kilomita 35,786, shi ya sa saƙo ke ɗaukar fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Na Starlink suna wajen kilomita 550 ne kacal, saƙo na saurin dawowa, amma da yake suna gudu, sai an jera dubbai kafin a ce kowane lokaci akwai guda a saman kanka, kuma kowanne shekara biyar ko makamancin haka yake yi a sauya shi. Ba don roka ta yi araha ba, babu wanda zai iya wannan lissafin.

Amfaninsa a fili yake ga asibitin karkara ko makarantar da wayar intanet ba ta taɓa isa ba. Mun kuma ga abin da ya faru a Maris na 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki da ta ofisoshi ta tsaya cik a wurare da yawa. Amma ni abin da ke damuna shi ne wanda ke riƙe da makunnin. A Oktoban 2024 Starlink ya sanar da ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, hukumar sadarwa ta NCC ta ce ba da amincewarta ba, aka dakatar da ƙarin a lokacin. Wannan ya nuna hukuma na da abin cewa a kan farashi. A kan taurarin kansu kuwa ba ta da iko ko kaɗan. A yaƙin Yukren an ga yadda shawarar mutum ɗaya, ta kunna sabis a wani yanki ko ƙin kunnawa, ta shafi abin da sojojin wata ƙasa za su iya yi. Ƙasar da ta bar bankunanta da asibitocinta da jami'an tsaronta suka dogara kacokan a kan kamfani ɗaya na waje, ta saka wuyanta a hannun da ba ta zaɓa ba. A yi amfani da shi, amma a ci gaba da shimfiɗa waya a ƙasa, a kuma buɗe wa kishiyoyinsa ƙofa.

Akwai kuma cunkoso. A 2009 wani tauraron kamfanin sadarwa na Iridium ya yi karo da mataccen tauraron Rasha, suka tarwatse zuwa dubban gutsattsari da wasunsu ke yawo har yau. A ƙarshen Disamban 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo ƙauyen Mukuku a Kenya. Masu nazarin taurari na kukan hasken taurarin ɗan'adam na ɓata musu hotuna. Dokokin da ke kula da sama an rubuta su ne tun 1967 da shekarun da suka biyo baya, lokacin da ba a san za a yi wannan yawan ba, kuma ƙasashen da suka makara za su tarar an cinye wurare masu kyau da mitocin sadarwa.

Wasu matasanmu kan tambaya: yaushe Nijeriya za ta harba tata rokar? Ina girmama wannan kishin, kuma hukumar sararin samaniya ta Nijeriya, NASRDA, da aka kafa a 1999 tana da cibiyar binciken roka a Epe ta jihar Legas. Afirka ma ba baƙuwar harkar ba ce. Faransa ta harba tauraronta na farko daga Aljeriya a 1965, Italiya ta yi shekaru tana harbawa daga gaɓar Malindi a Kenya, kuma wani kamfanin Jamus mai suna OTRAG ya gwada roka mai araha a Zayar ta Mobutu a 1977, kafin matsin lambar manyan ƙasashe ya kore shi. Kusanci da tsakiyar duniya na ba roka ƙarin gudu kyauta in ta nufi gabas. Sai dai harbi na son teku a gabansa saboda abin da zai faɗo, gabashinmu kuma mutane ne, ta kudu kaɗai muke da buɗaɗɗen ruwa. Sama da haka, roka ba ta araha sai tana tashi a kai a kai, mu kuwa a tsawon shekara ashirin manyan taurarin da muka mallaka ba su cika yatsun hannu biyu ba: NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha a 2003, NigComSat-1 daga Sin a 2007 wanda ya lalace a 2008, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X da NigComSat-1R a 2011. An ƙera NigeriaSat-2 don ya yi shekara 7, NigComSat-1R kuma 15. Lissafin kwanakinsu ba ya buƙatar dogon bayani. A ganina, zuba biliyoyi a ƙera roka yanzu zai cinye kuɗin da ya kamata a maye gurbin waɗannan da shi.

Inda ƙofa ta buɗe mana shi ne wajen kayan da ake ɗorawa. Ba sai ka ɗauki shatar roka gaba ɗaya ba. Tun 2021 SpaceX ke yin harbin haɗaka, na farkon ya kwashi taurari 143, kuma farashin ya fara ne daga dala miliyan ɗaya a kan kilo 200. Akwai ƙananan taurari masu faɗin santimita 10 ta kowane gefe, nauyinsu bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba, waɗanda ɗalibai ke haɗawa a jami'a. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta yi hakan da haɗin gwiwar wata cibiyar fasaha ta Japan, kuma tauraronsu, NigeriaEduSat-1, Falcon 9 ce ta ɗauke shi a Yunin 2017. Kenya ta harba Taifa-1 a 2023, Senegal ta harba Gaindesat-1A a 2024, duk ta wannan hanyar. Ban ga abin da zai hana Jami'ar Bayero ko ta Wudil shiga wannan sahu ba, a garin da yaran Farm Centre ke kwance allon waya su sauya abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta a ƙarƙashin madubi, kuma a garin da ke da attajiran da kuɗin irin wannan aiki ba zai girgiza su ba.

Kafin ma a kai ga harbawa, akwai abin da ke zube a ƙasa ba a ɗauka ba. Hotunan Landsat na Amurka kyauta ne tun 2008. Taurarin Sentinel-2 na Turai na ɗaukar hoton kowane yanki kusan duk kwana biyar, suna bambance abu mai faɗin mita 10, su ma kyauta. Da su za a iya sanin fili nawa aka shuka shinkafa ko tumatir a Kadawa da Kura a wannan rani, a ga yadda ruwan Tiga da Challawa ke ƙaruwa ko raguwa, a gano inda kacalla ta toshe hanyar ruwa a kogin Haɗeja, a nuna gidajen da aka gina a kan magudanai a cikin birni kafin damina ta zo. Cibiyar nazarin noma a busassun yankuna da ke Jami'ar Bayero na da masu wannan ilimin. Abin da ake buƙata shi ne ma'aikatun gona da na ruwa da na tsara birni su riƙa neman waɗannan bayanai kafin su yanke shawara, su ware musu kasafi na dindindin, su ɗauki matasan da suka iya karanta su aiki. Idan aka yi 'yan shekaru ana haka, za mu san ainihin irin hoton da muke rasawa, da sau nawa muke buƙatarsa a wata, sannan a zana tauraron da zai cike wannan giɓin a nemi masa gurbi a harbin haɗaka.